Rumfar Sauraro a Ƙofar Kaura

Shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, ina aji biyu a jami'a, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam. A gidanmu ba wanda ya san inda wannan karatu ya dosa. Mahaifina ya daina tambaya tun hutun farko. Gwaggota ce kawai, ƙanwarsa da ke zaune a Gobarau, ba ta haƙura ba. Duk ranar da na je gaishe ta, bayan ta tambayi hanya da makaranta da malamai da abincin da ake ba mu, sai ta dawo kan maganar.

"To wai in ka gama likita za ka zama?"

"A'a, Gwaggo. Mu tunanin mutum muke nazari, da dalilin da ya sa yake yin abin da yake yi."

"Au, duba ke nan."

"Ba duba ba ne, Gwaggo. Kimiyya ce."

"To Allah shi ba da sa'a. Amma dai kada ka bari babanka ya ji kana buga ƙasa."

Jami'ar tamu tana wata jiha, kuma mu bakwai ne 'yan Katsina a sashen. A wannan shekara malamai suka shiga yajin aiki, aka koro mu gida, hutu ya yi tsawo har iyaye suka fara kallonmu kamar baƙin da suka manta hanyar garinsu. A lokacin ko'ina ka juya zancen zaɓe ake yi da rantsarwa da tsarin mulki. Masu sayar da nama sun yi zaɓe, direbobin tasha sun yi zaɓe. Mu ma sai muka ga bai kamata a bar mu a baya ba, muka kafa ƙungiyar ɗaliban halayyar ɗan Adam 'yan asalin Katsina. Cikakken sunanta ya yi tsawon da ba ya shiga layi ɗaya a takarda.

Mun yi zaɓen a zauren gidan wani ɗan aji huɗu a Ƙofar Marusa. Mu bakwai ne, muƙamai tara. Mai zauren ya ci shugabanci ba hamayya, domin shi ya kawo tabarma, shi ya rubuta tsarin mulkin, shi kuma ya ƙirga ƙuri'a. Ni na samu muƙami biyu, sakataren yaɗa labarai da mai tsawatarwa, na kuma koma gida ina jin kaina kamar an ba ni minista.

Shugaban namu dogo ne siriri, mai sa kwat da laktaye a zafin Katsina, da tabarau wanda daga baya na gano gilashin banza ne. Ba ya rabuwa da wani ƙaton littafin Turanci a hammata. Gumi ya riga ya cinye bangon littafin, amma takardun ciki fes suke kamar ranar da aka buga su. Ba ka isa ka yi motsi a gabansa ba bai fassara ka ba. Idan ka makara, ya ce kana ƙin hukuma ne a ɓoye. Idan ka zo da wuri, ya ce fargaba ce ke cin ka. Wata rana wani daga cikinmu ya ƙi shan fura, shugaba ya gyara tabarau ya tambaye shi ko da wuri aka yaye shi. Mutumin nan ciwon ciki kawai yake yi.

Mace ɗaya ce a cikinmu, 'yar aji uku, kuma duk ta fi mu ƙoƙari, abin da kowa ya sani amma ba mai faɗa. Ita muka ba mataimakiyar shugaba. Da aka duba tsarin mulki, sai aka tarar aikin mataimakiya shi ne "kula da walwalar mahalarta taro". Ma'anarsa rabon lemo.

A zama na uku shugaba ya kawo shirinsa. Ya ce shekarun mulkin soja sun bar tabo a ƙwaƙwalwar talaka, kowa a garin nan majinyaci ne, bai dai sani ba. Saboda haka za mu kafa rumfa a Ƙofar Kaura, inda 'yan acaɓa da leburori suke taruwa, mu yi yini guda muna sauraron damuwarsu. Zai gayyato sabon kansila ya buɗe taron. Daga nan mu rubuta rahoto mu kai wa shugaban sashenmu, da gwamna, in hali ya yi har Abuja.

Ya kwafo tambayoyi ashirin daga littafin nan nasa ya ba ni in mayar da su Hausa. Kowace tambaya da akwatuna biyar a gabanta: kullum, sau da yawa, wani lokaci, ba kasafai ba, ko kaɗan. Na kwana biyu ina fama. Har yau ina tuna wasu. "Shin kana jin rayuwarka ba ta da ma'ana?" "Shin kana jin haushin mahaifinka a ɓoye?" "Shin kana ganin wasu suna bin ka a baya?"

Da na karanta su a zaure, mataimakiya ta ce, "Shugaba, ka tambayi Bakatsine ko yana jin haushin ubansa a bainar jama'a, mari za ka sha. Ɗan acaɓa kuma ai kullum akwai mai bin sa a baya, titi ne. Me zai hana mu ajiye takardar nan mu saurari mutane kawai? Kuma mu nemi wani ma'aikacin asibiti ya zauna da mu, ko da wani zai zo da abin da ya fi ƙarfinmu."

Shugaba ya yi mata irin murmushin da ake yi wa yaro. Ya ce bincike ba hira ba ne, kuma wannan turjiya tata ita kanta abin nazari ce. Muka yi dariya, har da ni. Aka ɗaga hannu, shida da ɗaya.

Ni na rubuta sanarwar da aka liƙa a bangaye da turakun lantarki: A ZO A DUBA LAFIYAR ƘWAƘWALWA KYAUTA. Mai buga takardar ya ga kalmar ƙarshe ta fi ma'ana, sai ya yi ta da manyan haruffa ja, sauran kuma ƙanana kamar tururuwa. Daga nesa KYAUTA kawai ake gani.

Ran Asabar da hantsi muka kafa rumfa biyu, muka jera kujerun roba da teburan da muka aro daga wata makarantar firamare. Kafin mu gama ɗaura lasifika wurin ya cika. Babura sun yi layi har sun tare hanya. Ga leburori da shebur a kafaɗa, ga masu tura ruwa, ga tsofaffi biyu da aka jawo da sanda domin sun ji ana rabon tabarau. Shugaba ya dubi taron ya ce mini a hankali, "Ka gani ko? Al'umma tana kuka a ciki."

Abin da ya faru shi ne, wani ya hango rumfa da tebur da tarin fom, ya haɗa da maganar sabuwar gwamnati, ya je ya ce ana rubuta sunayen waɗanda za a raba wa sabbin babura. Kafin mu zauna labarin ya kai Ƙofar Marusa ya dawo.

Na farkon da ya zauna a gabana wani ƙaƙƙarfan saurayi ne mai jar hula. Bayan mun gaisa na gyara murya na karanta masa tambayar farko.

"Shin kana jin rayuwarka ba ta da ma'ana? Kullum, sau da yawa, wani lokaci, ba kasafai ba, ko kuwa ko kaɗan?"

Ya leƙo takardar, ya rage murya. "Malam, wacce ce ake ba da babur?"

"Ba maganar babur ba ce. Gaskiyar abin da kake ji za ka faɗa."

"To, ai na gane. Sa mani kullum."

Ya tashi ya raɗa wa na bayansa, na bayansa ya raɗa wa na baya. Daga nan duk wanda ya zauna, kafin in buɗe baki sai ya ce a sa masa kullum daga sama har ƙasa. Wani dattijo da ya isa ya haife ni ya amsa cewa kullum yana jin haushin mahaifinsa, sannan ya ƙara da cewa Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya rasu tun zamanin Turawa. Shugaba yana zagayawa yana tattara fom yana duba su, fuskarsa cike da farin cikin likitan da ya gano annoba. Ya ce abin ya ma wuce yadda ya zata.

Kansila ya iso wajen sha biyu, maimakon tara. Duk wanda ke wurin ya san shi, domin kafin zaɓe kayan gyaran babur yake sayarwa a wani shago da ake hangowa daga inda muke zaune. Amma ranar a mota ya zo, aka kewaya da shi ta babban titi, da babbar riga mai sitati da maroƙi biyu a gaba. Shugaba ya tare shi da jawabin maraba na shafi huɗu, rabi Turanci, yana kiransa da muƙaman da ko gwamna bai tara ba.

Da aka ba kansila lasifika, ya yi bayani kan romon dimokuraɗiyya, da yadda aka sha wuya a baya, da yadda yanzu ƙofarsa a buɗe take dare da rana, ko da yake kowa ya san ya sa mata sabon ƙarfe da maigadi. Wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ranka shi daɗe, yaushe za a ba da baburan?"

Kansila ya juyo ya dubi shugaba. Shugaba ya raɗa masa wani abu mai tsawo. Kansila ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, ya koma kan lasifika.

"Jama'a, ba rabon babura ake ba, wannan yana nan tafe. Waɗannan yaran namu ne, 'ya'yanmu, da muka tura jami'a. Likitocin mahaukata ne. Sun zo su duba ku kyauta."

Wurin ya ɓarke da hayaniya. "Ashe mahaukata aka ɗauke mu?" Mai jar hula ya dawo teburina ya ce in ba shi takardarsa, kada a kai sunansa inda ba ya so. Wasu suka bi sahu. Aka yi ta tayar da babura, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Cikin ɗan lokaci ba kowa sai mu da kansila da maroƙansa, da tsofaffin nan biyu da ba su ji abin da aka ce ba, suna nan suna jiran tabarau.

Ina tattara birona sai wani mutum ya zo ya zauna a kujerar da ke gabana. Zai kai shekara arba'in, baƙi, da tsagar gado a kumatu, rigarsa ta koɗe a kafaɗu. Tun safe na lura da shi a jingine da babur ɗinsa a gefe, bai shiga layi ba. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, har da gida da iyali da gajiya, kamar ni ne babba.

"Malam, ni ba babur nika so ba, ina da nawa. Na ji Alhaji ya ce ku likitocin ƙwaƙwalwa ne. Shi ya sa na tsaya."

Na jawo sabon fom, na ce bismilla.

Ya ce daga ƙauye ya zo, shekara uku ke nan yana acaɓa. Wata biyu da suka wuce, da rana, wani tsoho da ke zaune a ƙofar gida a Ƙofar Marusa ya tsayar da shi, ya ce ya kai shi asibiti, ƙirjinsa ke ciwo. Tsohon ya hau, ya zagaya hannuwansa ya riƙe shi a ƙugu, ya kwantar da kai a bayansa. Suna tafiya ya ji tsohon yana ƙara nauyi, sai ya dafe hannuwan nan da hannunsa na hagu don kada ya faɗi, ya rage gudu, yana ta yi masa magana. Yana ce masa Baba yi haƙuri, Baba mun kusa, Baba ga asibitin can.

"Da munka isa na ce Baba sauka. Shiru. Ma'aikata sunka zo sunka ɓamɓare hannunshi daga jikina. Sunka ce ai ya cika tun a hanya. Ni kuwa hira nike ta yi mishi."

Ya ce tsoro ya kama shi, kada a ce shi ya kashe shi a kira 'yan sanda. Ya gaya wa ma'aikatan unguwar da ya ɗauko shi, ya hau babur ya gudu. Tun ranar bai sake bin layin ba. Kuma tun ranar, duk wanda ya ɗauka, ko mutum bai taɓa shi ba, sai ya ji hannun nan a ƙugunsa. Wani lokaci ko ba kowa a bayansa. Ya fara tsayawa a tsakiyar titi yana waiwaye. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa.

"Malam, haukacewa zan yi?"

Na dubi mutumin nan, na dubi takardata. Shekara biyu ina karatu, na haddace sunayen Turawa da ra'ayoyinsu, na san gwajin da aka yi wa ɓeraye da karnuka. Ba abin da ya zo mini a kai. Abin da na yi, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne na sa biro a kan tambaya ta goma sha ɗaya na karanta masa.

"Shin kana ganin wasu suna bin ka a baya?"

Ya kalle ni. Ya ce, "Ai shi na gama hwaɗa maka, Malam."

Na sa masa kullum.

A daidai nan shugaba ya ƙwala mini kira. Mai hoto ya iso, kansila yana sauri, ana buƙatar dukkan shugabannin ƙungiya. Na ce wa mutumin ya ɗan jira ni, na tashi da saurin da ni kaina na san na gudu ne. Aka jera mu, aka sa tsofaffin nan biyu a gaba a matsayin waɗanda suka amfana. Mai hoto ya ƙirga mu ya ce saura mutum ɗaya. Shugaba ya waiwaya ya hango mataimakiya zaune a kujerata, ta ture fom ɗin gefe, ta ajiye wa mutumin kwalbar lemo, suna magana. Ya kira ta sau biyu, ta ɗaga masa hannu ba tare da ta juyo ba. Aka ɗauki hoton babu ita.

Kafin a gama raka kansila mota, mutumin ya tafi. Na tambayi mataimakiya me ta ce masa.

"Ba wani abu. Na ce masa ba hauka ba ne, duk wanda mutum ya cika a bayansa dole abin ya zauna masa. Sai na tambaye shi ko ya je gaisuwa."

"Gaisuwa?"

"Gaisuwar mutuwa mana. Bai je ba. Na ce ya nemi limamin unguwar ya raka shi. Na kuma gaya masa ranar da likitan wannan ɓangaren yake zama a asibiti, in abin bai sauƙaƙa ba." Ta ɗauki akwatin kwalabe. "Kama mini wannan, mai tsawatarwa."

Rahoton da shugaba ya rubuta ya kai shafi talatin. Ya ce taro ya yi gagarumar nasara, jama'a sun yi tururuwa, kuma sakamako ya tabbatar da cewa talakan Katsina yana cikin matsananciyar damuwa kullum. Watsewar mutane kuwa ya kira ta "gudun fuskantar gaskiya", wadda a cewarsa ita ce babbar alamar ciwon. Bai kai rahoton Abuja ba, bai ma kai wa shugaban sashe ba. Ya kai wa kansila, wanda bai karanta ba amma ya ji nauyinsa a hannu ya yaba. Kafin a janye yajin aiki shugaba ya zama mai ba kansila shawara kan harkokin matasa, ya ajiye kwat ya koma babbar riga.

Bayan kamar mako uku na tsayar da acaɓa a Ƙofar Kaura zan je Gobarau, sai na ga mutumin ne. Na so in ce na fasa, amma ya riga ya gane ni, ya washe baki ya ce in hau. A hanya, ba tare da na tambaya ba, ya ce ya je. Liman ya raka shi. Babban ɗan marigayin ya fito, da ya ji ko shi wane ne sai ya riƙe hannunsa gam. Ashe sun daɗe suna neman ɗan acaɓar da ya kai mahaifinsu, su ji abin da ya faɗa a ƙarshe, su kuma yi godiya. Ya gaya musu tsohon salati yake yi har muryarsa ta ɗauke. Suka hana shi tafiya sai da ya ci abinci.

"Hannun fa?" na tambaya.

"Shina zuwa jefi-jefi. In ya zo sai in yi mishi addu'a in ci gaba da tuƙi." Ya kauce wa wani rami. "Ka gaishe mani da malamar nan. Ita ce babbarku ko?"

Na ce masa eh, don na rasa yadda zan yi masa bayanin tsarin mulkinmu.

Da muka koma makaranta, shugaba ya kammala, aka buɗe takarar kujerarsa. Mataimakiya ta tsaya. Abokin takararta wani ɗan ajinmu ne da aka sani da kwafar amsa, amma tsohon shugaba yana bayansa, kuma sun bi mu ɗaki ɗaki. Ni sun ce za su ba ni babban sakatare, da hatimin ƙungiya a hannuna. Ranar zaɓe aka raba mana guntayen takardu, kowa ya juya baya ya rubuta. Da aka buɗe, ƙuri'a ɗaya ta samu, tata. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya taya riƙo, ta ɗauki jakarta ta tafi laburare. Ni na rubuta bayanin zaman, na buga masa hatimi.